Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Wasan Akwatin Ɓoye da Shirin Haihuwa

A wannan fitowar ina so in yi amfani da shafin ra'ayi in kawo wata magana wadda wasu za su ce ba ta dace da mujallar asibiti ba, wato maganar wasa. Ina roƙon ku daure ku karanta har ƙarshe, domin wasan da zan yi bayani a kai ya shafi lafiyar mai ciki, ya kuma shafi abin da iyali za su yi a daren da naƙuda ta tashi.

Ni ungozoma ce, kuma 'yar ƙasar Birnin Gwari. Lokacin da muke yara, kakarmu kan tafi da mu bakin daji tsintar kaɗanya da farkon damina, da bazara mu je ɗorawa, da hunturu kuma taura. Ba ta taɓa riƙe takarda ba, amma in ta yi miki kwatance ba za ki ɓata ba. Sai ta ce, "In kin wuce kukar nan mai rassa biyu, ki bar rafi a hannun hagu, ki miƙe har ki ga suri." Mu a wajenmu wasa ne, ita kuwa koyar da mu hanya take yi. Yawancin yaran da aka haifa a yankin cikin shekarun nan ba su sami irin wannan ba, kuma kowa ya san dalili.

Dajin da ya gagare mu

Dajin Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari ba ƙaramin arziki ba ne. Tun 1936 aka keɓe shi a matsayin gandun daji na En'e, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,121, kuma ya yi iyaka da dajin Kuyambana na jihar Zamfara. A cikinsa akwai mafaɗar ruwa ta Dogon Ruwa, da Goron Dutse, da Tsaunin Rema wanda ya sami sunansa daga remar da ke zaune tsakanin duwatsunsa. An san shi da giwaye da gwanki da tsuntsaye iri-iri, ga itatuwan doka da maje da baushe da ƙirya.

Sai 'yan bindiga suka mai da shi mafaka. Hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, mai nisan kimanin kilomita 120, ta zama abar tsoro shekara da shekaru. A watan Mayun 2018 aka kai hari ƙauyen Gwaska aka kashe mutane da dama. A ƙarshen watan Satumban 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta katse layukan waya a wasu yankuna, ciki har da Birnin Gwari, ta kuma hana hawa babur na wani lokaci. A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari kan batun sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta daɗe a rufe. Muna roƙon Allah Ya ɗorar da zaman lafiya. Amma bari in faɗa tun da wuri, kada wani ya karanta wannan rubutu ya ce na tura shi daji. Ba na ba kowa shawarar ya ɗauki mace mai ciki ko yara ya shiga daji ko ya nufi bakinsa da sunan wasa.

Abin da nake nema shi ne mu dawo da amfanin da muke samu a wancan yawo na da, mu kawo shi cikin gida da cikin unguwa, inda ƙafar mai ciki za ta iya kaiwa.

Mene ne wasan akwatin ɓoye?

Wasan ya samo asali ne daga wani yanki na tuddai da fadama a kudu maso yammacin Ingila da ake kira Dartmoor. A 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a wani wuri mai wuyar zuwa da ake kira Cranmere Pool, domin duk wanda ya iso wurin ya bar katinsa a ciki, shaidar cewa ya zo. Daga baya mutane suka riƙa barin katin gaisuwa mai ɗauke da adireshinsu, wanda ya zo bayansu sai ya ɗauka ya jefa musu a gidan waya. Wannan ne ya sa Turawa ke kiran wasan da suna mai ma'anar akwatin wasiƙa. A 1938 aka kafa wani akwati a Duck's Pool don tunawa da marubuci William Crossing, sannu a hankali akwatunan suka yawaita har suka kai dubbai. A watan Afrilun 1998 mujallar Smithsonian ta Amurka ta buga labarin wasan, daga nan ya bazu a can ma, iyaye da 'ya'yansu suka ɗauke shi abin yi a ranakun hutu.

Yadda ake yin sa ba shi da wuya. Wani zai sami ƙaramar roba mai murfi, ya sa ɗan littafin rubutu da hatimi a ciki, ya ɓoye ta a wani wuri, sa'an nan ya rubuta kwatancen wurin cikin sigar kacici-kacici. Mai nema yana tafe da nasa littafin da nasa hatimin. In ya gano akwatin, sai ya buga hatiminsa a littafin akwati, ya buga hatimin akwati a nasa littafin, ya mai da komai yadda ya same shi saboda mai zuwa. Ba a cin kuɗi, ba a buƙatar waya ko lantarki.

Wani abin lura kuma, Cranmere Pool ɗin nan yana cikin filin da sojojin Birtaniya ke atisayen harbi. Masu zuwa wurin sai sun duba ranakun da ba a harbi, in kuma suka ga jar tuta a sama ba sa shiga. Ashe su ma masu wasan ba su ɗauke shi abin sayar da rai ba.

In mun duba da kyau, babu baƙon abu a ciki. Muna da wasan ɓuya, muna da kacici-kacici, muna da kwatance irin na kakata. Abin da aka ƙara kawai shi ne littafi da hatimi.

Me ya haɗa wannan da mai ciki?

A ɗakin awo ina haɗuwa da mata iri biyu. Akwai wadda tun da aka ce tana da ciki aka hana ta motsi, daga ɗaki sai tabarma, wai kada cikin ya zube. Yawanci mai cikin fari ce, ko matar da ke zaune a gidan haya mai ɗaki ɗaya bayan gudun hijira ya raba ta da ƙauyenta. Akwai kuma wadda aikin gida ya yi mata yawa, ita ce daka, ita ce ɗiban ruwa, ita ce wanki, har ranar haihuwa. Zan dawo kan ta biyun nan gaba.

Game da ta farko, Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce mace mai ciki wadda ba ta da wata matsala ta riƙa motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako. Minti 30 ke nan sau biyar, kuma ana iya rarraba shi, minti 10 ko 15 da safe, wasu da yamma. Hukumar ta ce yin haka na rage haɗarin hawan jini na ciki, da ciwon suga na masu ciki, da ƙibar da ta wuce kima, da damuwar da kan kama mace bayan haihuwa. Mu ma muna gani da idonmu cewa mai ɗan tattaki ta fi samun barci, ciwon baya da taurin bayan gida sukan yi mata sauƙi. Tafiyar ƙafa a hankali ba ta zubar da lafiyayyen ciki.

To, amma mun daɗe muna cewa "Hajiya, a riƙa ɗan tattaki," su ce to, in sun dawo wata mai zuwa ka tambaya sai murmushi. Ban ga laifinsu ba. A al'adarmu mace ba ta fita haka kawai ta yi ta zagaye ba dalili, mutane su ce lafiya kuwa? Ko cikin gida ne, kai da komo tsakanin ƙofar ɗaki da zaure yana da gundura. Wasan akwati yana ba tafiyar dalili. Uwa tana bin yaranta suna ƙirga taku, suna gardama kan ma'anar kacici-kacici, kafin a gano akwati uku an yi minti 20 ba wanda ya lura.

Yadda za a tsara shi a gida

A nemi robobi ko gwangwanaye masu murfi guda uku zuwa biyar, a wanke su a shanya. A yanka littafin makaranta ɗaya gida huɗu, kowane akwati ya sami nasa. Hatimi kuwa ana iya sassaƙa shi a jikin magogin fensir, ko guntun tsohon silifa, ko ma dankali in na yini ɗaya ne. Babba ne zai riƙe reza, ba yaro ba. Kowa ya zaɓi alamarsa, wani dagi, wani tauraro, wani ganyen kuka ko kan gwanki. Tawadar allo ko shuni ya isa a dangwala.

Kwatancen ya dace da shekarun yaran. Ga misali na ƙanana: "Fara daga randa, ka fuskanci gabas, ka yi taku goma sha biyu, ka dubi mai ba da inuwa kyauta." Ga na manya kaɗan: "Ina da baki ba ni da haƙori, kullum ana dukan cikina don ku ci tuwo, ku duba bayana." In gidan ƙarami ne, a yi shawara da maƙwabta ko dangi na kusa, akwati ɗaya a gidan gwaggo, ɗaya a gidan kaka, sai wasan ya haɗu da zumunci. Matan da ke kulle za su iya yin nasu tsakanin sassan gida, ko a lokacin da aka saba fita unguwa da izinin maigida.

Akwai ƙa'idojin da ba na so a yi wasa da su. Kada a ɓoye akwati ƙarƙashin dutse, ko cikin rami, ko tarin itace da kara, ko cikin ciyawa. Nan ne maɓoyar kunama da kububuwa, kuma dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, abin da ke da mummunan haɗari ga mai ciki da abin da ke cikinta. A ajiye akwati inda ido zai gan shi kafin hannu ya kai, tsakanin ƙugu da ƙirji, yadda mai ciki ba za ta yi dogon sunkuyo ko ta hau wani abu ba. Kada a bar gwangwani a buɗe ruwa ya taru sauro ya yi ƙwai. Kada a sa ƙananan abubuwa da yaro zai iya haɗiyewa. A yi wasan da sanyin safiya ko bayan la'asar, a sa takalmi mara tudu, a riƙe ruwan sha, a kuma koma gida kafin magariba.

Sai wata ƙa'ida da ta shafe mu musamman. Kada a binne komai, kada kuma a ajiye akwati a ƙofar gidan wani ko bakin masallaci, kasuwa ko makaranta. A ƙasarmu wanda ya tsinci gwangwani a ɓoye da takarda mai zane a ciki, abu na farko da zai zo masa shi ne sammu, kuma mun san yadda irin wannan zargi ke raba zumunci. A yankin da ya sha fama da tashin hankali kuwa, ana iya ɗaukarsa abin fashewa. Ko a Ingila hakan ta faru. A 2011 a garin Wetherby an rufe titin kasuwa, masu kwance bom suka fasa wata roba, ashe ta masu wani wasa ce mai kama da wannan. Saboda haka a rubuta a jikin kowane akwati da manyan baƙaƙe, boko da ajami in da hali, cewa wasan yara ne na gidan wane. In wasan zai fita daga gida, a sanar da mai unguwa da masu gidajen da abin ya shafa.

Wadda bai kamata ta yi tattakin ba

Kafin ki fara, ki tambaye mu ranar awo. Akwai waɗanda za mu ce su dakata: mai zubar jini, wadda hoto ya nuna mabiyiya ta tare bakin mahaifa, wadda aka yi wa ɗinkin bakin mahaifa, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon zuciya, mai ƙarancin jini mai tsanani, wadda faya ta fashe, da wadda ke da alamun naƙuda kafin lokaci. In an ba ki izini, ma'aunin shi ne ki iya magana da yaranki kina tafe. In numfashi ya hana ki magana, kin yi sauri da yawa. Wadda ba ta saba ba ta fara da minti 10. In kika ga jini ko ruwa na zuba, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai tsanani, ko ciwon mara mai zuwa yana dawowa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ki tsaya nan take a kawo ki asibiti.

Akwati na ƙarshe

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, mata 512 ke rasuwa sanadiyyar ciki da haihuwa. Tun kafin nan, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibiti a Zariya, suka buga sakamakon a 1985, kuma abin da ya fito fili shi ne matan da ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. A 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mata: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun nauyinmu ne mu ma'aikata da gwamnati, kuma ba mu da bakin kare kanmu a inda muka gaza. Na farko da na biyu kuwa a gida suke farawa.

Na taɓa karɓar wata baiwar Allah daga wani ƙauye na yankinmu wadda jini ya ɓalle mata tun bayan isha'i. Maigidan yana tafiya, babu wanda ya yarda ya ɗauki nauyin cewa a fita da ita. Lambar direban da suka sani tana cikin wayar maigidan. Sai da gari ya waye aka sami mota. Allah Ya yi da sauran kwananta, amma jaririn bai zo da rai ba. Babu mugu ko ɗaya a gidan nan, kowa yana son ta. Shiri ne kawai ba a yi ba, kuma kunya ta hana a yi maganar tun da wuri.

Kunya ado ce, amma a kan wannan batu tana jawo asara. Mai cikin fari ba ta iya buɗe baki ta ce da surukarta, "Inna, in naƙuda ta zo da dare wa zai kai ni?" Maigida ma yana jin nauyin tayar da zancen a gaban iyayensa. A nan ne nake ganin wasan zai yi mana aikin da lacca ta kasa yi. Shawarata ita ce daga wata na bakwai, akwati na ƙarshe a kowane zagaye ya zama jakar haihuwa, wadda ke rataye a ɗaki. Ta haka kowa a gidan, har yaro ɗan shekara bakwai, ya san inda take ko cikin duhu. A cikinta akwai katin awo, zannuwa masu tsabta, kayan jariri, audugar mata, sabulu da tocila.

A littafin wannan akwati kuma, maimakon hatimi kawai, kowane mako a amsa tambaya ɗaya a rubuce. A wane asibiti za a haihu, kuma in an ce a wuce gaba, ina za a nufa? Wane direba ne zai zo da dare, ina ne gidansa, wane ne na biyu in ba a same shi ba? Wa zai raka ta, wa zai zauna da yara? Su wane ne mutum biyu da suka yarda su ba da jini? A hannun wa kuɗin mota da na magani suke? Kuɗin kansu ba a cikin akwatin wasa za a ajiye su ba, sunan mai riƙon su kawai za a rubuta. Tambaya mafi girma kuwa ta maigida ce: in ba ka nan, ka ba da izini a kai ta asibiti ba tare da an jira ka ba? Ka rubuta amsar da hannunka, ka buga hatiminka a ƙasa, ka kuma faɗa da bakinka a gaban mahaifiyarka da ƙannenka.

A rubuta lambobin waya a takarda, a kuma san gidajen mutanen da ƙafa. Waɗanda suka zauna a Birnin Gwari a ƙarshen 2021 sun san yadda rayuwa take in babu layin waya, babu babur. Don haka wata rana maigida ya tsara kwatancen da zai kai manyan yara ƙofar gidan direba, wata rana gidan ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, wata rana ƙofar asibitin da ya fi kusa, da rana tsaka kuma tare da babba. A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW ta horar da mambobinta kan ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa, yana da kyau a tambaya a tashar garinku ko akwai irinsu. Wadda ƙauyenta ke nesa, ko hanyarsu ba ta biyuwa da dare, ta yi shawara da mu a kan komawa wajen dangi kusa da asibiti in watanta ya kama. Masu zuwa goyon ciki gidan iyaye su tafi da littafin, a sake amsa tambayoyin a can, domin direban garin miji ba zai yi amfani a garin iyaye ba.

Akwai wani shafi kuma da nake so a ware. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko cikin makonni 12 na farko. A zana gida takwas a shafin, duk ranar da uwa ta dawo daga awo yara su buga mata hatimi. A waɗannan ziyarce-ziyarce ne ake auna jini da fitsari, a ba da maganin ƙarin jini, a yi allurar rigakafin sandarewar wuya, a kuma ba da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, da tazarar wata guda. Yaro in ya ga gida ɗaya babu hatimi ba zai bar kowa ya huta ba, kuma irin wannan naci muke so.

Ga masu cewa a'a

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma wasunsu suna da gaskiya. Na farko za su ce matar karkara da ke daka da ɗiban ruwa ba ta rasa motsa jiki ba. Haka ne. Ita hutu take buƙata, da abinci mai kyau, da wanda zai karɓe mata tulu da taɓarya. A irin wannan gida sai a juya wasan. Ita ce za ta zauna a inuwa ta tsara kwatance ta riƙe babban hatimi, maigida da yara su yi yawon. A sa sharaɗi cewa ba a ba da kwatancen akwati na gaba sai an cika randa ko an share tsakar gida.

Na biyu za su ce magidanci da gemunsa ba ya wasan yara. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. In haka ne, rabin sa'a da mutum zai yi yana ƙirga taku da 'ya'yansa a tsakar gidansa ba zai rage masa girma ba. Sau da yawa a irin wannan lokaci ne miji zai lura fuskar matarsa da hannayenta sun kumbura, ko tana haki daga 'yar tafiya kaɗan, abin da ba zai gani ba in daga kasuwa sai majalisa.

Na uku za su ce mutanen da suka rasa 'yan uwa da gonaki, wasu ma har yanzu ba su koma gidajensu ba, ina su ina wasa? Wannan ita ce ta fi yi mini nauyi, domin ni ma abin ya taɓa dangina. Amma yaran da suka tashi suna jin ƙarar bindiga su ne suka fi buƙatar wani abu da za su nema su samu, su yi dariya tare da iyayensu. Mai ciki da ke kwana da fargaba ita ma tana buƙatar abin da zai ɗauke mata hankali na ɗan lokaci. Wasa ba ya maye gurbin magani. Wadda baƙin ciki ya hana ta barci ko cin abinci, ko take yawan kuka ba dalili, ta gaya mana, akwai taimakon da za a yi mata.

Na huɗu kuma za su ce al'adar Turawa ce. Littafin da hatimin ne kawai aro. A sa wa akwatunan sunayen wuraren gida, wannan Dogon Ruwa, wancan Goron Dutse, na bayan rumbu Tsaunin Rema. Kaka ta zauna ta ba da labarin yadda ake gane taura da ɗinya, da lokacin da kaɗanya ke zuba. Ta haka yaran da ba su taɓa ganin dajin ba za su riƙe sunayensa, har ranar da hukuma da mutanen gari za su tabbatar cewa an iya zuwa lafiya.

Kammalawa

Abin da nake roƙo a wannan mako kaɗan ne. Maigida, ka nemo roba ɗaya da littafi ɗaya. Uwargida, ki tambaye mu ranar awo ko tattaki ya dace da ke. Inna da kaka, ku ba da goyon baya, domin in kun ce a yi, an yi. Ku amsa tambayoyin akwati na ƙarshe kafin wata na tara ya kama, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. In kun zo awo na gaba ku taho da littafin, ni ma na sassaƙa nawa hatimin, zan buga muku.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya abin da za a haifa, Ya ba Birnin Gwari da ƙasarmu baki ɗaya zaman lafiya mai ɗorewa. Amin.